Injin Tatsar Akuya da Amanar Dabba

GABATARWA

Malamai da 'yan'uwana ɗalibai, na san wani zai ga kan wannan maƙala ya yi murmushi, ya ce ashe har tatsar akuya ta kai matsayin da za a ba ta shafi a mujallar 'yan jami'a. To, a yi haƙuri a biyo ni. Tambayoyin ɗabi'a sun fi fitowa fili idan aka ɗora su a kan ƙaramin abu wanda kowa ya sani, domin a nan mutum ba ya samun manyan kalmomin da zai laɓe a bayansu.

A ƙasashen Amurka da Turai da Ostareliya akwai iyalai masu zama a ƙananan gonaki, suna noma abin da za su ci, suna kuma kiwon awaki kamar uku ko biyar ko goma, domin madarar gida da cuku da sabulu. Da yawa daga cikinsu sun bar tatsa da hannu. Suna da wani ɗan inji wanda mutum ɗaya zai iya ɗauka ko ya tura, mai aiki da lantarki ko batir. Su kansu masu kiwon ba su gama gardama a kan wannan inji ba. Wasu na cewa rahama ne ga mai tatsa da wadda ake tatsa, wasu kuwa na cewa ya raba mutum da dabbarsa.

Tambayar da nake so mu duba ita ce: idan mutum ya sa inji tsakanin hannunsa da ran da aka ba shi amana, me ke samun amanar? Ta ragu ne, tun da aikin ya ragu? Ko tana nan yadda take? Ko kuwa ta ƙaru? Ni a ganina ta ƙaru, kuma zan yi ƙoƙarin kawo dalili, ba tare da na ɓoye hujjojin waɗanda ba su yarda da ni ba.

YADDA INJIN YAKE AIKI

Ba a yanke wa abu hukunci sai an san shi, saboda haka bari mu fara da injin. Yana da famfo mai zuƙe iska, da bokiti mai murfi wanda iska ba ta shiga, da mesa, da wasu kofuna biyu, tun da akuya kan nono biyu gare ta, ba huɗu ba kamar saniya. A cikin kowane kofi akwai roba mai laushi wadda ke rungumar kan nonon. Famfon yana rage iskar da ke cikin mesar da misalin kilofaskal 40, watau ƙasa da rabin nauyin iskar da muke shaƙa, wannan zuƙa kuwa ita ke jawo madara zuwa bokiti.

Amma zuƙa kaɗai cutarwa ce. Idan aka yi ta jan kan nono ba tsayawa, jini ya taru a cikinsa, ya kumbura, ya yi ciwo. Don haka ne aka sa wani ɗan ƙarfe mai bugawa kamar zuciya, bari mu kira shi mabugi. Shi ke sa robar nan ta buɗe madara ta fito, sa'an nan ta rufe ta matsa kan nonon jini ya koma. Ga akuya akan saita shi ya buga misalin sau 90 a minti, ga saniya misalin sau 60. Da ma haka ɗan akuya ke yi: ya tsotsa, ya tsaya ya haɗiye, ya sake tsotsa.

Tarihin injin yana da abin lura. A ƙarni na 19 an gwada cusa wa shanu 'yan bututu a kan nono don madara ta zubo, abin ya jawo ƙwayoyin cuta da lalacewar hantsa. A 1879 wata Ba'amurkiya mai suna Anna Baldwin ta yi rajistar injin tatsa mai zuƙa da famfon hannu, amma zuƙarsa ba ta da hutu. A 1895 wani likita a Gilasgo ta ƙasar Sikotilan, Alexander Shiels, ya fito da inji mai bugawa. A 1903 Alexander Gillies na Ostareliya ya ƙera kofi mai ɗaki biyu, irin wanda har yanzu ake bin tsarinsa. Watau dai an yi shekaru ana wahala kafin maƙera su gane cewa injin ba zai yi aiki ba sai an koya masa sassautawa. Duk da haka har yau ana sayar da ƙananan injuna masu araha waɗanda ba su da mabugi, wasu kuma na saye don sauƙin kuɗinsu.

Ita akuyar ma tana da nata aikin. Idan aka wanke hantsa da ruwan ɗumi aka shafa ta, jikinta kan saki wani sinadari, oksitosin, wanda ke matso madara ƙasa, aikinsa kuwa na 'yan mintoci ne. Tsoro ko duka ko hayaniya kan hana shi aiki. Ke nan ko da inji, sai da kwanciyar hankalin akuya ake samun abin da ake nema cikakke.

HUJJAR MASU KUSHE INJI

Masu kushe injin ba jahilai ba ne, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Suna cewa hannu ba kayan aiki ba ne kurum, shi ma wata hanyar sani ce. Mai tatsa da hannu safe da yamma yakan ji zafin hantsa kafin ciwo ya bayyana, yakan ji ɗan ƙullutu, yakan ji akuya ta ɗan zabura a wurin da ba ta saba zabura ba. Bai karanta wannan ilmi a littafi ba, ya taru ne a tafinsa. Roba kuwa ba ta jin zafi ko sanyi. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike, inji kuwa ɗan aike ne, kurma kuma makaho.

Suna ƙarawa da cewa abin da mutum ke aiki da shi yakan sauya yadda yake kallon duniya. A 1637 masanin nan na Faransa, Rene Descartes, ya kawo ra'ayin cewa jikin dabba inji ne kamar agogo, ba ta da hankali irin na mutum. Shekaru ɗari uku da 'yan kai bayan haka, a 1964, wata Baturiyar Ingila mai suna Ruth Harrison ta wallafa littafi ta nuna yadda manyan gidajen kiwo suka mai da kaji da maruƙa tamkar injuna, har gwamnatin Ingila ta kafa kwamitin Farfesa Brambell wanda ya ba da rahoto a 1965. Masu kushe na cewa daga ƙaramin inji aka fara. Yau akuya biyar ce, kowace da sunanta. Gobe ɗari biyar ne, kowace da lamba a kunne. Wanda ya saba jona mesa a jikin dabba, wata rana zai wayi gari yana ganin dabbar wani sashe ce na mesar.

HUJJAR MASU YABON INJI

Masu yabo su ma sun tanadi amsa. Da farko suna cewa kada a yi wa hannu yabon da bai cancanta ba, domin an zalunci dabbobi shekaru dubbai kafin a ƙera inji. A Musnadin Imamu Ahmad an ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci sahabi Sawada ɗan Rabi'u ya gaya wa mutanen gidansa su kyautata ciyar da 'ya'yan dabbobinsu, su kuma yanke farce don kada su yage hantsa lokacin tatsa. Da hannu ba ya cutarwa, da ba a yi wannan umurni ba. Haka kuma Mahatma Gandhi ya yi alwashin barin shan madarar shanu, cikin dalilansa har da abin da ya samu labari masu shanu a Kalkata na yi, na hura wa saniya iska ta gabanta don a tatse ta ƙarƙaf. Babu inji a wannan mugunta, baki da hannu ne. Da ya kwanta ciwo mai tsanani a 1918 sai ya koma shan madarar akuya, bisa shawarar matarsa Kasturba, ya kuma rubuta da kansa cewa zuciyarsa ba ta natsu da wannan mafita ba.

Na biyu, akwai tausayin mai tatsar. Akuyar Sanen ta ƙasar Suwizalan kan ba da misalin lita uku a rana, kuma tatsarta kan kai wata goma a shekara. Wanda ke da irinta shida zai matsa yatsunsa sau dubbai kowace rana, ba Juma'a ba Lahadi. Tsofaffi da masu ciwon gaɓoɓi da yawa, da ba don injin ba da tuni sun sayar da awakinsu. Akwai kuma wata ƙaramar akuya da Amurkawa ke kira Gajerar Nijeriya, wadda asalinta daga gajerun awakin kurmin Afirka ta Yamma ne, ƙungiyar masu kiwon awakin madara ta Amurka kuma ta karɓe ta cikin rajistarta a 2005. Madararta na da maiƙo ƙwarai, amma kan nononta ƙanana ne, mai manyan yatsu sai ya yi ta fama yana ja, ita kuma tana shure-shure. A irin wannan hali inji mai kyau ya fi hannu taushi.

Na uku, tsabta. Madarar da ta bi mesa ta faɗa rufaffen bokiti ba ta haɗuwa da gashi ko ƙura ko ƙuda, akuya kuma ba ta tsoma ƙafa a ciki. Wanda zai sha madarar shi ma yana da haƙƙi.

INDA GIZO KE SAƘA

Duka ɓangarorin biyu sun faɗi gaskiya, amma ina ganin sun tsaya a bakin ƙofa. Masu kushe sun ɗora laifin a kan ƙarfe, masu yabo sun ɗora alherin a kan ƙarfe, alhali ƙarfe ba shi da niyya. Abin da ya kamata mu tambaya shi ne, wane abu ne injin ya ɗauke daga tsakanin mutum da akuya?

Amsata ita ce ya ɗauke gajiya. Gajiya kuwa tsohon shinge ne da ya daɗe yana kare dabba ba tare da kowa ya gode masa ba. Mai tatsa da hannu yakan tsaya idan madara ta ƙare, domin hannunsa ya ji ta ƙare, kuma ba wanda ke son matsa hantsar da ba komi. Ba ya tara awakin da suka fi ƙarfin yatsun gidansa. Wannan tsayawa ba lalle ne ta zama tausayi ba, sau da yawa kasawa ce kurum. Mutum na iya rayuwa duk tsawon ransa ana yaba masa adalci ga dabbobinsa, alhali ikonsa ne bai kai ga zalunci ba.

Masana ɗabi'a tun daga Aristo sun bambanta aikin kirki da mutum ya zaɓa da wanda hali ya tilasta masa. Malamanmu ma sun karantar da mu cewa ayyuka da niyya suke. Wanda ya bar abu don ba ya iyawa daban yake da wanda ya bar shi alhali yana iyawa. To, inji ya fitar da mai akuya daga sahun farko ya sa shi a na biyu. Abin da gajiya ke yi masa kyauta, yanzu tilas ya yi shi da kansa, da saninsa. Dalilin da ya sa na ce amanar ta ƙaru ke nan.

Bari mu ga wannan a aikace. Injin kan gama da akuya cikin 'yan mintoci, amma ƙaramin injin gida bai san ta ƙare ba. Idan mai shi ya juya yana hira, injin zai ci gaba da zuƙar busasshiyar hantsa, bakin kan nonon ya yi kanta, ƙofar cuta ta buɗe. Dole ya tsaya yana kallon mesa, ya kashe zuƙar kafin ya cire kofi. Ilmin da tafin hannu ke bayarwa kuwa, yanzu sai ya neme shi da gangan: ya tatsi ɗigon farko da hannu a ɗan kofi ya duba ko akwai gudaji ko jini, ya shafa hantsa kafin tatsa da bayanta, ya tsoma kan nonon a maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya ba ta ciyawa don ta tsaya a tsaye na misalin rabin sa'a har ƙofar nonon ta rufe. Sai kuma wanki. Kowace tatsa sai an ɗauraye mesa da roba da ruwan ɗumi, a wanke da ruwan zafi da sabulunsu, a shanya. Ba akuyar da ke gani, ba mai sayen madarar da ke gani. Injin da ba a wanke ba kuwa yana iya ɗaukar ciwon hantsa daga akuya ɗaya ya raba wa sauran. Don tuwon gobe ake wanke tukunya, amma a nan har da lafiyar wadda ba ta iya kai ƙara.

Wani zai ce ai wannan duk dabarar kiwo ce, mai hankali zai yi ta don ribarsa, ina ruwan ɗabi'a? Gaskiya ne a wurare da yawa riba da tausayi hanyarsu ɗaya. Amma akwai mararraba inda sukan rabu, a can ne ake gane wanda aka bi tun farko.

RABON ƊAN AKUYA

Mararraba ta farko ita ce ɗan akuya. Akuya ba ta yin madara sai ta haihu, bayan cikin wata biyar, kuma ba don mu ta yi ta ba. Malaman fiƙihu sun san haka. A Muhtasar na Shehu Halilu, wanda ake karantawa a zaurukanmu, an nuna cewa abin da ya halatta mai dabba ya ɗiba daga nononta shi ne wanda ba zai cutar da ɗanta ba. Imamu Nawawi na mazhabar Shafi'iyya ma haka ya tafi. Ke nan mai akuya magajin saura ne, ɗanta shi ne mai rabo na farko.

A nan ya kamata a yi wa injin adalci. Ba ya tatsar akuya ɗaya fiye da gwanin hannu, hasali ma wasu sai sun ƙarasa da hannu bayan sun cire shi. Haɗarin yana cikin lissafi. Wanda ya kashe kuɗi ya sayi inji yakan so injin ya biya kansa. Kuma tun da wanke shi na iya cin lokacin da ya isa a tatsi akuya ɗaya ko biyu da hannu, sai ya ga amfaninsa bai fito ba sai ya ƙara garke. Ƙarin garke ƙarin haihuwa ne, rabin abin da aka haifa kuwa bunsuraye ne waɗanda ba su da abin yi a gidan madara. Sannu a hankali ɗan akuya ya tashi daga mai haƙƙi ya koma mai cin riba.

Masu ƙananan gonakin nan sun rabu gida biyu. Wasu na barin 'ya'ya da uwarsu makonnin farko, daga baya su riƙa raba su da dare, su tatsa da safe, su bar musu na rana. Wasu kuwa na ɗauke ɗa tun ranar haihuwa su shayar da shi da kwalba. Kada mu yi gaggawar tsine wa na biyun, domin akwai wata cutar gaɓoɓi da ƙwaƙwalwa ta awaki wadda ke bin dakashi da madarar uwa ta kama ɗa, ba ta kuma da magani. Mai raba su don ya ba ɗan dafaffiyar madara ya tsare shi daga wannan cuta, jinƙai ya yi, ko da uwar ta kwana tana kuka. Mai raba su don bokiti ya cika kuwa wani abu dabam ya yi, ko da a ido aikin iri ɗaya ne. Babu injin da zai iya bambanta waɗannan mutum biyu. Kowannensu shi ya san dalilinsa.

SHIN TATSAR MA DAIDAI CE?

Akwai waɗanda suka wuce nan, suka ce duk wannan gyaran fuska ne. A 1789 Jeremy Bentham na Ingila ya nuna cewa abin dubawa game da dabba shi ne ko tana jin wahala, ba ko tana magana ko tunani ba. A 1975 Peter Singer ya gina littafi a kan wannan tushe, daga cikin masu bin wannan hanya kuma akwai masu ganin a bar kiwon madara ɗungurungum. Suna cewa akuya ba ta sa hannu a wata yarjejeniya ba, kuma sabo da kaza ba ya hana yanka ta, ƙarshen mai suna da mai lamba duk wuƙa ce.

Ban yarda da ƙarshen maganarsu ba, amma ban raina farkonta ba. Mutum da akuya sun yi misalin shekara dubu goma tare, tun daga duwatsun Zagros na ƙasar Iran ta yau, kuma miliyoyin talakawa a busassun ƙasashe da ita suke raya 'ya'yansu. Addini ya halatta mana nononta da namanta. Daɗin daɗawa, akuya irin Sanen tana yin madarar da ta fi ƙarfin 'ya'yanta, idan aka ƙi tatsarta hantsa ta cika ta yi mata azaba. Shari'a ma ta hana a tara wa dabba nono kwanaki don a ruɗi mai saye a kasuwa, hanin da ya tsare mai saye, ya kuma sauƙaƙa wa dabbar.

Amma a lura. Wa ya mai da Sanen haka? Mutum ne, da zaɓen iri na shekaru masu yawa. Shi ya sa ta zama ba ta iya rayuwa lafiya sai da shi. Wanda ya mai da wani mabuƙaci gare shi ba zai juyo ya yi masa gorin taimako ba. Saboda haka hujjar da ta halatta tatsar ita ce kuma ta ɗaure mai tatsar. Shehu Izzuddini ɗan Abdussalami, wanda ya rasu a Alƙahira a 1262, ya lissafa haƙƙoƙin dabba a kan mutum, har da ciyar da ita ko da ta tsufa ko ta yi rashin lafiyar da ba a amfana da ita. Ga mararraba ta biyu ke nan: ranar da tsohuwar akuya ta daina cika bokiti. Lissafin inji ba shi da gurbin wannan rana, sai dai mai injin ya tanade shi a zuciyarsa.

MU FA?

Kada mu ɗauki rigar wani mu ce tamu ce. Jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta yi suna ne a duniya saboda fatarta, madarar da take bayarwa a rana kuwa ba ta kai rabin ta Sanen ba, yawancinta ma na 'ya'yanta ne, ga ta da yawan haihuwar tagwaye. Ga matsalar lantarki, ga ta ruwan wanki mai tsabta, ga ta sanyaya madara. A mafi yawan gidajenmu wannan inji ba shi da aikin yi a yau, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi, domin injin da ba za a iya wankewa ba ya fi ƙwarya haɗari. Ko an wanke shi ma, ba ya kashe cutar da ke cikin madarar kanta. A 1905 likita Zammit ya gano cewa madarar awaki ce ke yaɗa zazzaɓin nan na tsibirin Malta, maganin wannan kuwa har gobe shi ne a dafa madara.

Amma darasin namu ne, kuma yana da wani reshe da ya kamata ɗaliban jami'a su lura da shi. A gidajen Hausawa yawancin awaki na mata ne, su ne bankinsu na biki da na rashin lafiya. A rugar Fulani ma nono da kuɗinsa na mata ne, ko da a wuraren da maza ke tatsa. Mun kuma ga abin da injin niƙa ya yi: ya hutar da mata da yawa daga turmi da dutsen niƙa, amma kuɗin da matalauciya ke samu a dakau ya koma aljihun mai inji, wanda galibi namiji ne. Idan wata rana masu bincike irin na cibiyar Shika ta Zariya ko cibiyar kiwon awaki ta Maraɗi suka yaɗa akuya mai yawan madara, inji kuma ya biyo baya, wajibi ne a tambaya tun da wuri: wa zai huta, wa kuma zai karɓi kuɗin? Amanar ba ta tsaya a kan akuya ba, ta haɗa da mai akuyar.

KAMMALAWA

A taƙaice, ban ga laifi ga mai ƙaramar gona ya tatsi awakinsa da inji ba, muddin injin mai mabugi ne, an saita shi daidai, ana wanke shi, mai shi yana tsaye a kansa, hannunsa bai daina taɓa hantsa ba, ɗan akuya ya sha ya ƙoshi, garken kuma bai wuce adadin da zai iya sanin kowace ɗaya a cikinsa ba. Sharuɗɗan suna da yawa, kuma yawansu shi ne hujjata. Kakansa mai tatsa da hannu bai buƙaci a lissafa masa rabinsu ba, domin kasawarsa ta cika masa su.

'Yan'uwa ɗalibai, kaɗan ne daga cikinmu za su yi kiwon awaki. Amma cikinmu akwai likitocin gobe da malamai da alƙalai da ma'aikatan gwamnati, kuma kowannenmu za a miƙa masa wani inji da zai shiga tsakaninsa da mutanen da aka ba shi amanarsu, na gwajin jini ne, ko na gyaran jarrabawa, ko na biyan albashi. Zai sauƙaƙa mana aiki, zai kuma ba mu ikon cutar da mutum dubu cikin lokacin da a da ba za mu iya cutar da goma ba. Ranar da abu ya ɓaci, za a ji wani ya ce laifin na'ura ne. Mai akuya ba ya iya faɗin haka a gaban kumburarriyar hantsa, domin shi ya kunna, shi kuma ya juya baya. Mu ma kada mu yarda mu faɗa.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ta mai magana da ta marar magana. Wassalam.